Ruɓaɓɓen Bashin Gine-ginen Kasuwanci: Wa Zai Ɗauki Asara?

Gabatarwa

A darasinmu na fassara an ba mu labari a kan bankuna, inda na ci karo da kalmar "ruɓaɓɓen bashi", wato bashin da aka kasa biya kuma babu alamar za a biya. Ni da na koyi Hausa a aji, sai na ga fassara kalmar ba ta isa ba sai na fahimci abin da ke bayanta. Wannan maƙala za ta duba tambaya guda: idan bashin gina shaguna, ofisoshi da otal-otal ya ruɓe, wa ya kamata ya ɗauki asara?

Masu hannu a ciki

Mutum huɗu ne: ɗan kasuwar da ya ci bashi ya jinginar da gininsa, masu hannun jari a banki, waɗanda suka ba bankin rance, da talaka mai biyan haraji. Muddin darajar gini na hawa, ukun farko suna cin riba. Idan ta faɗi, jinginar ba ta kai kuɗin bashin ba.

Misalin ƙasar Ayilan

A Satumbar 2008 gwamnatin Ayilan ta tsaya wa bankunan ƙasar, ta lamunce ajiyarsu da basussukansu. A 2009 ta karɓe bankin Anglo Irish, ta kuma kafa hukumar NAMA, wadda ta sayi basussukan gine-gine na kusan yuro biliyan 74 a kan biliyan 31.8. Giɓin da ya rage a bankuna da kuɗin jama'a aka cike shi, kimanin biliyan 64. Masu hannun jari sun yi asara, amma an biya manyan masu ba bankunan rance kuɗinsu, talaka kuma ya sha ƙarin haraji. A nan Nijeriya ma an kafa AMCON a 2010 don sayen ruɓaɓɓun basussuka.

Kammalawa

Bahaushe ya ce, wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. A ganina, a fara da mai ginin, sai masu hannun jari, sannan masu ba banki rance. Ƙaramin mai ajiya a kare shi, domin bai ci ribar ba. Idan banki ya san gwamnati za ta share masa hawaye, gobe ma zai ba da bashi ido rufe.