Darasi na 12: Iska Ce Ko Mai? Yadda Ake Gano Ciwon Mota

Injin mota mai amfani da fetur yana bukatar abubuwa uku kafin ya yi aiki: iska, da mai, da tartsatsin wuta daga fulogi. Iska da mai suna haɗuwa bisa ƙayyadadden awo, wato kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na fetur. Idan awon nan ya lalace, sai mota ta fara ciwo. A wannan darasi za ku karanta bayanin na'urori biyu da ke kula da shi, ku ga yadda ake gane wadda ta samu matsala.

Na'ura ta farko ita ce ma'aunin iska. Yana kan bututun da ke tsakanin matatar iska da inji. A cikin irinsa na zamani akwai wata siririyar waya wadda lantarki ke ɗumamawa, iskar da ke wucewa kuma tana sanyaya ta. Gwargwadon yawan iskar, gwargwadon lantarkin da ake bukata don wayar ta riƙe zafinta. Ta haka ne kwamfutar mota take sanin iskar da ta shiga, sannan ta yanke yawan man da za a fesa. Idan matatar iska ta yage, musamman lokacin ƙurar hunturu, sai datti ya lulluɓe wayar, ma'aunin ya riƙa ba kwamfuta labarin da ba daidai ba.

Na'ura ta biyu ita ce famfon mai. A yawancin motocin zamani yana cikin tanki, yana tura mai da ƙarfi zuwa inji. Man da ke tankin shi ne ke sanyaya famfon, saboda haka yawan tafiya da ɗan mai kaɗan yana gajarta kwanansa.

Wahalar ita ce alamun ciwon biyu sun yi kama. Mota takan yi jijjiga tana tsaye, ta shaƙe idan an taka totur, ko ta mutu ba zato. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga direban da ke ƙoƙarin wuce tirela a babbar hanya. Akwai kuma asarar kuɗi, domin mutum yana iya sayen sabon famfo alhali ma'aunin iska ne kawai ya yi datti. Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai. Don haka makaniki mai hankali ba ya canza kaya sai ya yi gwaji. Ga matakan da yakan bi:

1. Ku murɗa makulli ba tare da kun tayar da inji ba, ku kasa kunne kusa da tanki. A motoci da yawa famfo mai lafiya yakan yi ƙara kaɗan na kimanin daƙiƙa biyu. Idan ba ku ji komai ba, ku fara duba fis da wayoyi kafin ku ɗora wa famfo laifi.

2. Ku auna ƙarfin man da ma'auninsa, ku gwada da abin da littafin motar ya faɗa. Idan ƙarfin ya gaza, to, ko famfo ya yi rauni ko matatar mai ta toshe.

3. Ku lura da lokacin da ciwon ke tashi. Famfo mai rauni ya fi nuna kansa wajen hawan tudu ko ɗaukar kaya. Baƙin hayaƙi daga salansa da yawan shan mai kuwa suna nuna cewa mai ya yi wa inji yawa, famfo mai rauni kuma ba ya kawo haka.

4. Ku duba bututun iska ko ya tsage. Iskar da ta shiga ta tsaga ba ta bi ta ma'auni ba, don haka kwamfuta ba ta san da ita ba.

5. Ku kashe inji, ku cire wayar ma'aunin iska, ku sake tayarwa. Idan motar ta fi natsuwa, to, ma'aunin abin zargi ne.

6. Ku sa a jona na'urar karanta kwamfutar mota. Lambar P0101 tana nuni ga ma'aunin iska. Lambar P0171 kuwa tana nufin mai ya yi kaɗan a cikin awon, kuma kowanne daga cikin biyun yana iya jawo ta.

Sau da yawa wanke ma'aunin da maganin feshi na musamman ya isa. Kada ku taɓa wayarsa da hannu, domin tana saurin tsinkewa. Kada kuma ku kusanci tanki da ashana ko taba. Ku bar aikin buɗe bututun mai ga ƙwararre.

Sababbin Kalmomi
awo: sanin yawa ko nauyin abu
matata: abin da ke tace datti
totur: abin da direba ke takawa don ƙara gudu
salansa: bututun da hayaƙi ke fita ta cikinsa
rauni: rashin ƙarfi

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa uku ne inji ke bukata?
2. A ina famfon mai yake a yawancin motoci?
3. Me ya sa lambar P0171 ita kaɗai ba ta isa hujja ba?
4. Ku bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin darasin.

Aikin Nahawu
Ku dubi wannan jimla: "Idan awon nan ya lalace, sai mota ta fara ciwo." Kalmar "idan" tana kawo sharaɗi, "sai" kuma tana kawo sakamako. Ku nemo wata jimla irinta a cikin darasin, sannan ku rubuta naku guda biyar.