JAN GANYE A GEFEN LAMBU

Manomi, lambun da yake kore shar daga farko har ƙarshe yana da wuyar gane iyaka. Nan ne ake rikici da maƙwabci, nan ne yaro zai tuge irin da ka ajiye.

Maganin abin yana hannunka. Ka shuka jar yakuwa, wato soɓorodo, a kan iyaka da damina, taki ɗaya tsakanin gindi da gindi. Karanta da jijiyar ganyenta ruwan makuba ne, daga nesa ana hangen layin. Ga miya, ga zoɓo na sayarwa da kaka. A lambun rani kuwa, jan alayyafo ya fi, don ba ya inuwa da yawa. Ka jera shi tsakanin fangalin latas da na kabeji.

Kada ka sa su ƙarƙashin mangwaro. In ba rana, jan sai ya koɗe.

Amma fa ka lura: in ƙaramar masara ta yi wannan launi a ganye, sau da yawa yunwar takin supa ce. Ka nuna wa malamin gona.