Babi Na Bakwai: Jigon Ɗaurin Mahaifi a Rubutacciyar Waƙa

7.1 Gabatarwa

Daga cikin jigogin da ɗalibi zai iya cin karo da su a nazarin waƙa akwai halin da yaro kan shiga idan ya tashi mahaifinsa na tsare a gidan yari. Wannan babi zai dubi tushen jigon, da bambancinsa da marsiyya, da salon da ake isar da shi.

7.2 Tushen Jigon a Tarihi

Ƙasar Zazzau, wadda Ikara da Maƙarfi da Kudan suke cikinta, ta daɗe da sanin raba magidanci da gidansa. A shekarar 1920 Turawa suka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, mawallafin waƙar "Tabarƙoƙo", suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, kotunan En'e sun ɗaure magoya bayanta da dama, aka bar 'ya'yansu a hannun mata da dangi.

A wajen ƙasar Hausa kuwa, fitaccen misali shi ne na Zindzi Mandela ta Afirka ta Kudu. An haife ta a 1960, aka kama mahaifinta, Nelson Mandela, a 1962, ba a sake shi ba sai 1990. A tsakanin nan ne ta wallafa kundin waƙoƙinta, "Black As I Am", a 1978.

7.3 Bambancinsa da Marsiyya

Marsiyya waƙa ce ta makokin wanda ya rasu, takan ƙunshi yabo da addu'a da dangana. Shi kuwa ɗan ɗaurarre ba maraya ba ne, amma yana rayuwar maraici. Ba a yi masa ta'aziyya, sau da yawa ma gori yake sha. Hausawa kan ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa; a nan uba ne ya ja wa ɗa. Don haka warwarar jigon kan fito da abubuwa uku:

(a) Jira, wato ƙirga shekaru da ranakun ziyara.
(b) Kunya, musamman idan laifi ne ya kai uban, saɓanin ɗaurin siyasa da akan yi alfahari da shi.
(c) Rabuwar zuciya tsakanin biyayyar da addini ya wajabta ga iyaye da fushin wanda aka bar wa nauyi.

7.4 Salon Sarrafa Harshe

Da yake al'adar Bahaushe ta hana ɗa tona asirin mahaifinsa, irin wannan waƙa kan dogara da sakaya zance. A nan alamtarwa da kamantawa suke da muhimmanci. Marubucin da ya tashi a Maƙarfi ko Kudan, inda ake noman rake, zai iya kawo hoton gonar da ciyawa ta cinye, ko buzun da ba mai hawa, ko rigar Sallar da ba a ɗinka ba, ba tare da ya ambaci kurkuku ba. Aikin manazarci shi ne gano abin da aka ɓoye a bayan kowane ɗango.

7.5 Kammalawa

An ga cewa wannan jigo yana tsakanin bege da makoki. Tun 2019 doka ta mayar da gidajen yarin Nijeriya gidajen gyaran hali, amma sauyin suna bai ɗauke wa yaro gori ba. Wajibi ne malami ya lura, domin mai yiwuwa akwai irin wannan yaro a ajinsa. Kada darasi ya zama fami.

Tambayoyi

1. A bambanta wannan jigo da marsiyya.
2. Me ya sa sakaya zance ya dace da shi?
3. A rubuta baitoci biyar 'yan ƙwar biyu a kan jigon, ba tare da ambaton kalmar kurkuku ba.