Darasin Sana'a: Aibobin Walda Da Maganinsu

Masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan waldar lantarki ne, wadda ake yi da sandar walda. Da ita ake gyaran garmar shanu da amalanke da ƙofar gida. In walda ta ɓalle, amalanke na iya kifewa da kaya a hanya, ko garma ta karye ana tsakar huɗa. Yawancin aibobin walda daga abu huɗu suke fitowa: datti, da danshi, da rashin daidaita wuta, da gaggawa. Duk kuwa ana iya kauce musu.

1. Ƙananan ramuka

Wani lokaci za ka ga walda ta yi huji-huji kamar soso. Iska ce ta maƙale a cikin narkakken ƙarfe kafin ya daskare. Tsatsa da fenti da mai su ne ke kawo haka, ko kuma sandar da ta sha danshi. A goge ƙarfe da buroshin waya har ya yi haske. A ajiye sanduna a busasshen wuri cikin gwangwani mai murfi, musamman da damina. Sanda mai lamba 7018 ta fi mai lamba 6013 ƙin danshi.

2. Kashin walda a ciki

Garin da aka lulluɓe sanda da shi yakan narke ya zama ɓawo a kan walda, kamar kashin maƙera. In aka sake bin wurin ba a cire ɓawon ba, sai ya binnu a ciki ya raunana aikin. A ƙwanƙwashe shi da ƙaramar guduma mai tsini, a goge, sannan a yi bi na biyu.

3. Rashin ratsawa

Wannan aibi ne mai haɗari ƙwarai, domin ido ba ya ganinsa. Sama ta yi kyau, amma ciki bai haɗu ba. Dalilinsa ƙarancin wuta ne ko saurin hannu. Ana auna ƙarfin wuta da amfiya. Sanda mai kaurin milimita 2.5 tana son kimanin amfiya 60 zuwa 90. Mai milimita 3.2 kuwa tana son 90 zuwa 130. A duba abin da aka rubuta a jikin kwalin. In kaurin ƙarfe ya wuce milimita 6, a fere bakunansa biyu su yi siffar harafin V, a bar ɗan fili tsakaninsu don wuta ta kai ƙasa.

4. Zaizayar gefe

In wuta ta yi yawa, takan cinye gefen ƙarfe ta bar ɗan kwari a jikin walda. Daga nan karaya takan fara. A rage wuta. Kada tazarar da ke tsakanin bakin sanda da ƙarfe ta wuce kaurin sandar. Wannan zai rage tartsatsi kuma.

5. Tsagewa

Ƙarfe mai zafi ba ya son sanyin farat ɗaya. Kada a watsa wa sabuwar walda ruwa, a bar ta ta huce da kanta. In an zo ƙarshen layi, a ɗan dakata har ramin ƙarshe ya cika kafin a ɗaga hannu. Walda in ta tsage, ba a rufe ta da wata. Sai an goge tsagar duka sannan a sake.

6. Karkacewa

Ƙarfe yakan tsuke in yana hucewa, shi ya sa ƙofa kan murɗe. A fara ɗosa walda a kusurwoyi, a auna, sannan a riƙa yi kaɗan-kaɗan ana sauya gefe.

Jan kunne

Kada a kalli wutar walda sai ta gilashin walda mai duhu. Baƙin tabarau na rana ba ya kare ido. Kada a taɓa duro ko tankin da ya zauna da fetur, ko da babu kome a ciki, domin tururinsa na fashewa.

Kai kuma mai kai gyara, kada ka matsa wa mai walda. Duba aikin kafin a shafa fenti. Gaggawa aikin shaiɗan ce.

Tambayoyi

1. Me ke kawo ramuka a walda?
2. Amfiya nawa sanda mai milimita 3.2 ke so?
3. Don me ba a watsa wa sabuwar walda ruwa?