Ƙugun Ƙarfe Ba Ya Son Tsuguno

Ranar da aka sallame ta, da sanduna biyu ta fita tana dariya. Shekarunta 31, mai sikila ce, kan ƙashin cinyarta na hagu ya daɗe da mutuwa saboda jini ya daina kai masa, har ta kai ba ta iya tsayuwar wanke kwano. Gona dangi suka sayar aka yi mata tiyatar sauya kwatangwalo. Aiki ya yi kyau, hoto ya fito tsaf. Washegari masu gashin ƙashi suka tsayar da ita, suka kuma zaunar da mijinta suka yi masa dalla-dalla: in tana zaune kada gwiwa ta ɗara ƙugu tudu, ba harɗe ƙafa, filo a tsakanin cinyoyi wajen kwanciya, na sati 6 zuwa 12. Ya ce ya ji.

Sati na uku ya shiga ba a sayi kujerar bayan gida ba. Surukarta ta ce, "Haba 'yar nan, ƙarfe fa aka sa miki, me zai same shi?" Ta shiga masai ta tsuguna. Cicciɓo ta aka yi. Ƙafar ta gajarce, ta juya ciki, yatsun suna kallon ɗaya ƙafar.

Da a ranar aka dawo da ita, allurar barci ce a mayar da kan ƙarfen cikin gurbinsa, galibi ko yanka ba a yi. Sai aka loda ta a adaidaita sahu zuwa wurin mai ɗori. Mutumin nan ya ga tabon ɗinki mai tsawon taƙi, an gaya masa da ƙarfe a ciki, amma bakinsa ya ƙi furta cewa wannan ba aikinsa ba ne. Ƙarti biyu suka danne ta, ya ja iya ƙarfinsa. Ya yi tsaga dab da ɗinkin, ya cusa garin magani, ya ɗaure da karare da tsumma, ya karɓi kuɗi. Da daddare in ta hana mutane barci, yaron kemis ya zo ya caka mata allurar Penta.

Ta dawo asibiti da zazzaɓi, mugunya na tsiyaya ta tsagar. Hoto ya nuna ƙashin cinya ya tsage a gefen ƙarfen. Mai sikila fa, wadda ƙashinta ke saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta ko ba a taɓa shi da reza ba! Dole aka cire abin da aka sayar da gona saboda shi, aka cika gurbin da siminti mai magani, ana jiran ciwo ya mutu kafin a yi zancen wani sabo.

Tun 1962 da John Charnley ya daidaita wannan tiyata a Ingila ake cin moriyarta, kuma binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na irin wannan ƙugu suna kai shekara 25. Nata bai cika wata ba.

Ba tsuguno. Ba tabarma, ba kujera 'yar tsugunno wajen alwala. Salla a kan kujera, addini ya ba da wannan sauƙin. Wanda ke da ƙarfe a jiki ba shi ba mai ɗori, ko kakansa ne.

Masu zuwa dubiya su ma su rage likitanci. Tawul da ruwan zafi a kan sabon ɗinki ba gashi ba ne. Maganin hana daskarewar jini a shanye shi. Sha-raɓa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a taho ko tsakar dare ne.

Ciwo kuwa ba ya ɗaukewa ranar cire zare. Tsamin cinya da ɗingishi na iya jan watanni, motsa jikin da aka koyar ne ke rage su, kwanciya ƙara su take yi. Masu haɗiyar diclofenac safe da yamma daga kemis su sani ƙoda da ciki ne ke biya, mai sikila kuma dama ƙodarsa a wahale take. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko mai tashin mutum cikin dare da zazzaɓi, ko ƙafar da ta ƙi ɗaukar nauyi farat ɗaya, hoto da gwajin jini yake bukata a ranar. Kuma kujerar bayan gida a saye ta tun mara lafiya yana gadon asibiti.