Turken ƙarfe: yadda ake kafa mazaunin injin lanƙwasa tiyo

 

Darasinmu na wannan karo na ƙarfe ne. Kada ka ce wannan zancen maƙera ne, ba ruwanka. Duba amalankenka. Duba hannun garmarka. Duba ƙarfen da ya kewaye injin ban ruwanka, wanda kuke kamawa ku biyu ku kai shi bakin Komadugu da safe, ku maido shi gida da maraice. Duk tiyon ƙarfe ne da aka lanƙwasa. Ran da ɗaya ya karye a tsakiyar ban ruwan tattasai, ka san abin da kwana uku ba ruwa yake yi ma shuka mai fure.

Tun da daɗewa manyan wuraren ƙera kayan noma suna nesa da mu: UCOMA a Damagaram, ACREMA a Tawa, CDARMA a Doso. Abin da ya rage kuma muna sawo shi daga Damasak da Maiduguri. Amma daga watan Fabrairu na 2015, da aka kai hari Boso da Difa, ƙetare kogi ya zama abin tsoro. An hana cinikin tattasai, ba a buɗe shi ba sai a 2017. Waɗannan shekaru sun koya mana cewa garin da ba shi da mai gyaran ƙarfe nasa yana cikin wahala. Shi ya sa samari da ƙungiyoyin manoma suke sayen ƙananan injunan lanƙwasa tiyo na hannu. Sai dai da yawa suna sayen inji, su manta da abin da zai riƙe shi.

Na ga wannan da idona a wani gari na bakin kogi. An ɗaure injin da ƙusoshi bisa teburin katako. Mutum uku sun hau teburin sun zauna don kada ya motsa, yaron maƙeri yana jan hannun injin. Da ya ja da ƙarfi, sai katako ya tsage, injin ya tuɓe, yaron ya faɗi da baya. Allah ya tsare, bai karye ba. Amma tiyon ya lotse, ya tashi daga aiki. Aka ce injin ne ba shi da kyau. Injin lafiyarsa lau. Doki ne aka ɗaure ba turke.

Injuna biyu, aiki biyu

Na farko shi ne malanƙwashi. Yana da wani faifan ƙarfe mai kwari wanda tiyo yake kwanciya ciki, da dogon hannu da ake ja. Shi yake yin kwana mai kaifi, irin ta hannun garma ko ta kujera.

Na biyu shi ne manaɗi. Yana da gare uku, biyu a ƙasa, ɗaya a bisa. Ana matsa na bisa kaɗan, a juya hannu, tiyo ya wuce. A ƙara matsawa, a sake wucewa da shi, har ya zama baka ko zobe. Shi ake yin bakan rumfa da shi. Manaɗi ba ya wahalad da mazauni sosai. Malanƙwashi ne mai ƙarfin tsiya, don haka saboda shi za mu yi gini.

Ina ƙarfin yake fitowa?

Ka tuna jigo, wanda iyayenmu suke ban ruwa da shi a bakin Komadugu kafin zuwan inji. Doguwar sanda ce take sa nauyi kaɗan ya ɗaga nauyi mai yawa. Hannun malanƙwashi haka yake.

Ɗauko allonka mu yi lissafi. Tsawon hannun santimetir 150 ne. Kana jan ƙarshensa da ƙarfin kilo 40. Bulon ɗin da suka riƙe injin suna santimetir 15 daga tsakiya. Raba 150 gida 15, ka samu 10. To, ƙarfinka ya ninku sau 10. Wato bulon ɗin suna ɗauke da kilo 400, nauyin buhun siminti 8. In ka sa wani tiyo ka ƙara tsawon hannun ya kai metir 3, ƙarfin ya zama kilo 800. Wane teburin katako ne zai jure wannan?

Kuma ka lura da kyau, wannan ƙarfi murɗawa yake yi, kamar mai murɗe wuyan kaza, yana kuma neman ya tuntsure mazaunin zuwa wajen mai ja. Nauyi kaɗai ba ya tare shi. Na ga masu cika tsohuwar tayar babbar mota da siminti su kafa ƙarfe a tsakiya. Wannan ya isa ma manaɗi. Ga malanƙwashi kuwa, tayar sai ta yi ta bin ka kuna kewaya fili tare. Dole a kama shi da ƙasa.

Zaɓen wuri

Ana sayad da tiyo da tsawon metir 6. In kana lanƙwasa shi, wutsiyarsa tana yawo. Saboda haka kada ka kafa turke jikin bango ko cikin ɗaki. Ka sami fili, ka kafa tsinke, ka ɗaura igiya mai metir 3, ka zana da'ira. Kada a sami bango, ko icce, ko murhun maƙera cikin da'irar. In za ka yi rumfa, ginshiƙanta su tsaya a waje.

Wurin ya zama tudu. Komadugu ta yi ambaliya a 2019, ta sake a 2022, ta kuma sake a 2024. Tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a waɗannan shekaru, ka hau gaba da nan.

Kayan da za ka nema

Tiyo mai kauri na inci 4, wanda ake rubuta ma 102/114, tsawon santimetir 80. Guntun tsohon tiyon rijiyar burtsatse yana yi, in tsatsa ba ta cinye shi ba. Kaurin jikinsa kada ya kasa milimetir 4.

Farantin ƙarfe mai santimetir 40 kowane gefe, kauri milimetir 10, na ƙasa. Ƙarami mai santimetir 15, na rufe bisa. Guntaye 4 masu kusurwa uku, na tokara.

Sandunan bulon 4 masu milimetir 16, tsawon santimetir 50, da notinsu.

Tiyo mai kusurwa huɗu iri biyu: na milimetir 60, da na milimetir 50 wanda yake shiga cikinsa.

Siminti buhu ɗaya da rabi, da rairayi, da tsakuwa.

Ginin gindi

Haƙa rami santimetir 60 tsawo, 60 faɗi, 60 zurfi. In ya cika da kankare, wato beto, nauyinsa ya kai kilo 500. In wurinka rairayi ne mai zubewa, irin na tudun Manga, ka faɗaɗa ramin ya kai 80 da 80. Sannan sai ka tanadi siminti buhu 3.

Kafin ka kwaɓa komi, kai babban faranti wurin mai walda ya huda shi a kusurwa huɗu. Lanƙwasa ƙasan kowace sandar bulon kamar ƙugiya, don kankare ya kama ta. Ɗora farantin bisa katako, ka huda katakon daidai da hudojinsa. Sa sandunan cikin katakon, ka ɗaura noti, ka gicciya katakon bisa bakin rami, ƙugiyoyi suna rataye ciki. Bar santimetir 5 na kowace sanda a waje. Wanda ya ƙi yin wannan katako ya dasa sanduna da ido, ran ɗora faranti zai ga huda tana gabas, sanda tana yamma, kuma kankare ba ya jin ban haƙuri.

Kwaɓi: siminti ma'auni 1, rairayi 2, tsakuwa 3. Na san tsakuwa tana da wuya a ƙasarmu. In ba ka samu ba, farfasa tsohon kankare ƙanana ƙanana. Kada ka sa ɓarɓashin tubalin laka. Rairayi ya zama mai tsabta, ba laka ciki. Ruwa kuma ya zama wanda kake sha. Ku mutanen wajen Maine-Sorowa, kada ku ɗebo ruwan kwari mai kanwa ko gishiri, yana raunana kankare, yana cin ƙarfen da ke ciki. Kada ruwa ya yi yawa. Zuba kaɗan kaɗan, kana soka sanda don iska ta fita.

Rufe shi da tsohon buhu. Yayyafa ruwa safe da maraice har kwana 7. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. In kana gaggawa, ko kaɗan ka ba shi sati 2 kafin ka ja malanƙwashi a kansa. A nan ne mutane suka fi yin ɓarna, don zafin rana yana busar da bisa, su zaci ya nuna.

Jikin turke

A tsayad da babban tiyo tsakiyar faranti. Mai walda ya ɗiga wuta wuri huɗu tukuna. Rataya dutse da zare ka duba ta gefe biyu ko ya miƙe. In ya miƙe, a kewaye shi da walda. Sannan a sa guntayen nan huɗu masu kusurwa uku tsakanin tiyo da faranti. Su ne suke hana shi tuntsurewa. Kada ka yarda a ce ba su da amfani don a rage kuɗi.

Tsawo fa? Wurin da tiyo yake kwanciya cikin inji ya zo daidai ƙugunka, kamar santimetir 90 zuwa 95 daga ƙasa. In ya yi ƙasa, bayanka zai yi ciwo. In ya yi bisa, da hannu kaɗai za ka ja, nauyin jikinka ba zai taimake ka ba. Auna injinka tukuna kafin a yanke tiyon.

Ga gargaɗi. In tiyon fari ne, irin na ruwan famfo, an shafe shi da wani ƙarfe da ake kira zinki. In wuta ta taɓa shi yana fid da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A goge wurin da za a yi walda, a yi aikin a fili, iska tana bayan mai aiki. Masu walda suna cewa shan madara yana kashe dafin. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta shiga huhu.

Turke ɗaya, kai biyu

Ba sai ka gina gindi biyu ba. A huda ƙaramin faranti huda mai kusurwa huɗu, a sa guntun tiyon milimetir 60 mai tsawon santimetir 25 a ciki, a yi walda, a rufe bakin turke da shi. Ya zama kube. Kowane inji kuma a ɗaure shi bisa farantinsa, a manna masa ƙafa ta tiyon milimetir 50 a ƙasa. In kana son malanƙwashi, ka zura ƙafarsa cikin kube. In ka gama, ka zare, ka zura manaɗi.

Don mi mai kusurwa huɗu? Don kewayayye juyawa zai yi cikin ɗan'uwansa. A bar bakin kuben ya ɗan fito sama, a huda gefensa, a manna noti, a sa bulon na matsewa, don kada ƙafar ta yi rawa. In ta ƙi shiga, duba cikin kuben, akwai layin ɗinki, a goge shi da magagari.

Wannan tsari yana da wani amfani da mu mutanen kogi muka fi kowa sani. Iyalai da yawa sun bar garuruwansu sun koma bakin babbar hanya, wasu saboda rashin kwanciyar hankali, wasu saboda ruwa. Wanda ya binne turkensa cikin kankare, ya bar shi ke nan. Naka kuwa noti 4 ne. Ka kwance, ka ɗora turke da injuna bisa amalanke. Abin da ka bari a baya siminti buhu ɗaya da rabi ne. Da dare ma kana iya shigad da injuna ɗaki. Ka riƙa shafa baƙin mai a bakin sandunan, don ran da za ka kwance kada tsatsa ta riƙe ka.

Gwaji na farko

Ɗaure noti sosai. Fara da ɗan guntun tiyo na banza. Sa wani ya dafa turken kana ja. In ya ji motsi, tsaya ka nemi inda yake.

Kowane faifai da girman tiyonsa. Ƴan kasuwan Najeriya suna ƙirga da inci, takardunmu suna rubuta lamba biyu. Rabin inci shi ne 15/21. Inci ɗaya shi ne 26/34. In ka sa ƙaramin tiyo cikin babban kwari, zai lotse ko da turkenka ya fi dutse ƙarfi. Layin ɗinkin tiyo kuma kada ya faɗo a bayan kwana ko a cikinta, ya kalli sama. Ka wuce gwargwadon da kake so kaɗan, don ƙarfe yana komawa baya in an sake shi. In tiyon marar kauri ne, cika shi da busasshen rairayi, ka toshe bakin biyu. Ka ji na ce busasshe. Ɗanyen rairayi cikin tiyon da aka toshe, in aka sa masa wuta, fashewa yake yi. Yara kuma su tsaya bayan da'irar nan da ka zana.

Lissafin gida

Kana son bakuna na rumfar inuwa bisa fangalin renon tattasai. Faɗin fangali santimetir 100 ne. Ninka 100 da 3,14, ka samu 314. Raba biyu, ka samu 157. Wannan shi ne tsawon bakan. Manaɗi ba ya lanƙwasa ƙarshen tiyo, yana barinsa a miƙe. Ba hasara ba ce, su ne ƙafafun da za ka soka a ƙasa. Ƙara 20 kowane gefe, ya zama 197. Tiyo ɗaya mai metir 6 zai ba ka baka 3, saura santimetir 9.

To, in faɗin fangalinka 120 ne fa? Baka nawa za ka samu cikin tiyo ɗaya, saura nawa? Ku yi lissafin tare a wurin karatu, ku ba malaminku amsa ya aiko mana. Wanda kuma ya riga ya kafa turke, ya rubuto ya faɗa mana irin ƙasar wurinsa da zurfin ramin da ya haƙa.