DARASI: MASAUKIN BAƘI A CIKIN GONA

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan baƙo ne, da yadda gona mai kyau takan jawo shi. A karanta shi a taron ƙungiya, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Yadda ake yi a Italiya

A ƙasar Italiya akwai manoma masu gonakin inabi, waɗanda suke matse shi su yi ruwan inabi na sayarwa. Waɗansunsu sun daina zuba takin zamani da maganin kashe ciyawa. Sukan shuka wake tsakanin layukan inabi domin ya ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da sanyi sukan saki tumaki su cinye ciyawa, su bar kashi. Ɓawon inabin da aka matse kuma a mai da shi taki.

Mutanen birni sukan zo su kwana a irin wannan gona. Ana gyara musu ɗaki a tsohon gidan gona. Baƙo ya ci abin da aka noma a wurin, ya zaga gona tare da mai ita, ya biya kuɗin kwana, ya sayi tsaraba. A 1985 gwamnatinsu ta yi doka a kan wannan sana'a, aka sabunta ta a 2006. Babban sharaɗin dokar shi ne, noma ya zama shi ne ainihin aikin gidan, saukar baƙi kuwa ƙari ne kawai. A riƙe wannan sharaɗi da kyau.

2. Misali na kusa da mu

A Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin akwai Cibiyar Songhai. Fada Godfrey Nzamujo, wanda aka haifa a Kano, shi ya kafa ta a 1985 a kan fili hekta 1. Can ana noma, ana kiwon dabbobi da kaji da kifi, ba a zubar da kome. Kashin dabbobi yakan ba da iskar gas ta dafa abinci, ragowar kuwa ta koma gona. Akwai ɗakunan kwana da gidan abinci. Masu sauka can ba don laushin gado suke zuwa ba, sai don su ga aikin da idonsu.

3. Mu fa, a Mashi?

Ana noman inabi a Kudan, kusa da Zariya, amma yana son ruwa da jari mai yawa. Mu gero da dawa da wake da gyaɗa muka sani. Giya kuma ba sana'armu ba ce. Baƙonmu fura da zoɓo da kunun tsamiya za mu ba shi.

Garinmu yana kan hanyar Katsina zuwa Daura, inda mutane suke zuwa ganin rijiyar Kusugu. Har wa yau malaman gona, da ɗalibai, da 'yan waɗansu ƙungiyoyi sukan nemi gonar da za su koyi abu. In ba abin gani, ba mai tsayawa. Saboda haka ga matakai bi da bi:

(a) A fara da ramin taki. Zurfinsa kamar mita 1. A jera kara da ganye, kashin dabbobi, toka kaɗan, a yayyafa ruwa. A riƙa juyawa. Cikin wajen wata 3 ya nuna.

(b) Kada a sare gawo. Da damina yakan zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, gero kuwa yakan yi kyau a gindinsa.

(c) A tara 'ya'yan darbejiya, a daka, a jiƙa, a tace, a fesa wa wake.

(d) Bayan gona ta nuna bambanci shekara 2 ko 3, sai a gina ɗaki 1 na ƙasa. Katangar ƙasa mai kauri ta fi rufin kwano tsirara sanyi. A yi masai mai murfi, a ajiye randa da gidan sauro.

(e) Kowane baƙo a gabatar da shi ga mai unguwa kafin ya kwana, a rubuta sunansa a littafi.

4. Gargaɗi

Kada ƙungiya ta ci bashi, ko ta taɓa kuɗin iri, don gina ɗakuna. Baƙi sukan zo yau, su ɗauke ƙafa wata 6. In ɗaki ya zauna ba kowa, bashi ba ya jira, sai a sayar da hatsin da iyali za su ci. Amma taki da itatuwa, ko baƙo bai zo ba, ribarsu tana cikin rumbu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me muke zubarwa ko ƙonewa wanda zai iya zama taki?
2. In baƙo ya zo gonarmu gobe, me za mu nuna masa?
3. Wa zai riƙe littafin kuɗi, wa kuma zai duba shi?

Aikin wannan wata: kowace ƙungiya ta haƙa ramin taki guda kafin taro na gaba. Magatakarda ya rubuta ranar da aka cika shi.